Makwancin Giwa

A gonarmu ta Kurawa akwai wani kwari, ba mai zurfi ba, inda ruwa ke kwanciya da damina. A gidanmu ana ce masa makwancin giwa. Kakan mahaifina ne ya ce a zamaninsa giwaye na zuwa su yi birgima a wurin, wai jikinsu ne ya fafe ƙasar. Baba ya yi noma a bakin kwarin nan tun yana yaro har ya yi furfura, gero a tudu, dawa a gangare, bai taɓa ganin giwa ba. Mu ma ba mu gani ba. Babban naman dajin da na taɓa cin karo da shi a ƙasarmu zomo ne.

Damina uku ke nan ba mu taka gonar ba. Tun da 'yan bindiga suka tsare hanyoyin daji, iyayena suka dawo cikin garin Sabon Birni, Baba yana noma wani ɗan fili na aro a bakin gari, inda ake hangen gidaje.

A shekarar da nake ba da labari, na ɗauko shi zuwa asibitin ido a Sakkwato, inda nake aiki a gidan rediyo. Ya daɗe yana tuntuɓe da buta, yana cewa mu ne muke ajiye kaya a hanya. Likita ya zaunar da shi gaban na'ura, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ja ni gefe. Ya ce jijiyar idon ce ke mutuwa, daga gefe tana cin tsakiya. Idon hagu ya riga ya tafi. Na dama saura tsakiyarsa, kamar mai leƙe ta bututu. Maganin ɗigawa zai rage wa ciwon gudu, amma ba zai tsayar da shi ba. Na tambaye shi wata nawa ya rage. Ya ce shi ba ya faɗin wata.

"In akwai abin da yake son gani," in ji shi, "kada ku jira."

A mota na faɗa wa Baba kamar yadda aka faɗa mini, ban rage ba. Na yi zaton zai ce a tara masa jikoki, ko ya ce a kai shi gonar ko da da rakiyar sojoji.

"To," ya ce, "giwa nika son gani."

"Giwa, Baba?"

"Awo. In ga ko kakana ya yi muna ƙarya."

Lokacin gero ya shiga rumbu, dawa ce ta rage a tsaye. Baba ya ce ba inda za shi sai an yanke ta. Wannan ya ba ni kamar mako uku in zaɓi inda za mu.

Na buɗe taswira a waya. Duk wuraren namun daji kore ne a taswira. Mu kuwa a 'yan shekarun nan mun koyi cewa kore shi ne inda ba a zuwa. Na duba dazuzzukan da suka fi kusa da mu, na ga sunayen da nake karantawa a labarun safe, ba kuma don dabbobi ba. Na rufe su. Na duba Kainji, na kira mutum biyu da suka san yankin, don a aikinmu ba a yarda da labari daga baki ɗaya. Ɗaya ya ce lafiya lau. Ɗayan ya ce, "Da tsoho?" Na rufe wannan ma.

Ranar Juma'a na je gida, na tarar da Kawu, ƙanen Inna, wanda ke fataucin wake tsakanin Burkusuma da Maraɗi a kan babur. Inna ta riga ta ba shi labari. Tun kafin in zauna ya fara.

"Ɗan boko, mi kaka nema can nesa? Ga Nijar nan bayan gida. Arewa da Maraɗi akwai wani daji, raƙuman dawa na nan kamar awaki. Jimina, barewa, komi. Hili ne ƙwal, ka hango mutum tun shina ɗan ɗigo. Jandarmomi sun san ni. In samo muku mota kat-kat mai shiga rairayi, kwana biyu kun dawo."

Gaskiya zuciyata ta karkata. Kusa ne, fili ne, babu duhuwar da wani zai ɓuya. Raƙumin dawa kuma dogo ne, ba ya buƙatar ido mai kyau.

"Akwai giwa?" in ji Baba.

"Giwa dai babu. Amma raƙumin dawa ya hi ta tsawo."

"Ni tsawo nic ce maka? Raƙumi na gani, dawa na noma. Giwa nic ce."

"Kai dai tsohon ga ka cika taurin kai. Wa zai hwaɗa maka ba giwa ba ce? In nuna maka ɗakin kara in ce ga ta, ka amsa."

"Shi ya sa ban tahiya da kai," in ji Baba. Inna ta yi dariya a bakin murhu, dariyar farko da na ji ta yi tun dawowarmu daga asibiti.

Sai gandun dajin Yankari ya rage, a can ƙasar Bauchi. Wani abokin aiki ya ba ni lambar wani jagora, cikin masu shiga daji da baƙi. Na kira shi. Mutum ne mai magana a hankali, ba ya gaggawar sayar da komai. Ya ce giwaye na nan, amma na zaɓi lokaci mai wuya. A ƙarshen kaka ciyawa ta fi mutum tsawo, ruwa na ko'ina a cikin daji, dabbobi sun warwatsu. In na haƙura zuwa bazara, ciyawa ta ƙone, tafkuna sun ƙafe, komai zai taru a bakin kogi.

"A bazara ina iya ce maka zo ka gani. Yanzu sai dai in ce zo mu nema."

Wata huɗu ke nan ko biyar. Na yi kwanaki ina juya maganar. In muka je yanzu, Baba na da ido, giwa na iya ƙin fitowa. In muka jira, giwa za ta fito. A zuwana gida na gaba na tsaya a gefen damansa, taku biyu kacal, na ɗaga hannu, na daɗe a haka. Yana jan carbi, yana kallon gabansa, bai san da ni ba sai da na yi tari. A farkon wata, daga wannan wurin yana ganin motsi. A tsakar gidan na kira jagoran na ce za mu zo da an yanke dawa.

Sai maganar masauki. Ya ce iri biyu ne. Akwai ɗakuna a sansanin da ke tsakiyar dajin, kusa da wani ruwan ɗumi. Akwai kuma otal-otal a cikin garin Bauchi, tafiyar wajen awa biyu daga sansanin. Shi dai ya ce mu kwana a ciki.

Na fara yi masa tambayoyi. Na rubuta su a takarda tun kafin in kira, kamar zan yi hira. Hanya nawa ce ke shiga sansanin? Ɗaya. Akwai katanga? Babu, gwaggon biri ma har bakin ɗaki suke zuwa. Waya na kamawa? Wani wuri tana kamawa, wani wuri sai ka hau tudu. Ƙauye mafi kusa fa? Da nisa. Ana jin ƙarar babura da yamma?

Da na zo kan wannan tambayar, sai ya ce:

"Ranka ya daɗe, yau shekaruna da yawa a aikin nan. Baƙi na tambayata zaki, suna tambayata maciji, suna tambayata ko akwai ruwan zafi. Babur kai ne na farko. Daga ina kake?"

Na faɗa masa. Ya ce, "Allah ya kawo muku sauƙi," bai ƙara ba.

Hanya ɗaya, babu katanga, waya ba ta kamawa. A wurinmu wanda ya kai mahaifinsa irin wannan wuri ya kwana, ko lafiya aka dawo sai an yi masa faɗa. Inna ma da na karanta mata amsoshin ta ce, "Daji dai daji ne. Ku gani da rana ku hito." Na kama ɗaki a wani otal a cikin gari. Na zaɓe shi daga hotuna: doguwar katanga, waya mai ƙaya a samanta, ƙofar ƙarfe, ofishin 'yan sanda a bakin layin. Ban duba ko gadon na da kyau ba.

Na kuma tsara tafiyar bisa dokokin da kowa ke bi a gida ba tare da an rubuta su ba. Ba a hawa hanya sai rana ta ɗaga, motocin haya sun fara wucewa, an ji daga bakin direbobi cewa gaba lafiya. Ba a kai la'asar a waje. Ba a faɗa wa kowa ranar tashi. Wannan ta ƙarshe ta fi damun Baba, domin shi tun tasowarsa ba a yin doguwar tafiya sai an bi maƙwabta gida-gida an yi sallama, an nemi gafara.

"In hita kamar ɓarawo?"

"Baba, in aka ji an kai ka kallon dabbobi, za a ce muna da abin da ba mu da shi."

Ya gane. Liman kaɗai ya faɗa wa, bayan sallar asuba, a ranar da za mu tashi.

Hanyar Isa da Shinkafi ta fi kusa, amma ban bi nan ba. Muka koma Sakkwato muka kwana, muka yi Kano muka kwana, rana ta uku muka shiga Bauchi. Duk tsawon hanyar ina lura da abu biyu: motocin da ke zuwa daga gaba, ko sun yanke, da kuma kwalbar maganin Baba, da nake ɗiga masa safe da yamma.

Washegari muka bar otal bayan rana ta fito sosai. Kafin mu kai ƙofar dajin, mu yi rajista, mu bi doguwar hanyar da ke shiga sansanin, hantsi ya wuce. Jagoran na jiranmu a ƙarƙashin wata bishiya, siriri, da tsohuwar hula. Ya durƙusa ya gai da Baba, ya dubi tsagen fuskarsa ya ce, "Bagobiri da kansa." Ya ce motocin safe sun dawo tun ɗazu, amma zai shiga da mu.

Muka shiga a buɗaɗɗiyar mota. Ciyawa ta rufe hanya hagu da dama. Baba ya miƙa hannu ya kamo wata, ya murza.

"Gamba ce. Wagga gamba duka, ba mai yanka? Da gida ce da an yi zana har a rasa mai saye."

Awa biyu muna zagayawa. Mun ga gwaggon biri, mun ga gadu da 'ya'yanta sun tsallake hanya da wutsiya a sama, mun ga bayan wani gwambaza, mai kama da ƙatuwar barewa, yana shigewa. Kowanne kafin in juya kan Baba ya daidaita da shi, ya ɓace. Ƙudajen tsando suka cije mu. Da azahar ta yi na fara duba agogo. Jagoran ya ce mu jira fitar yamma, lokacin da rana ta yi sanyi. Na ce ba zai yiwu ba, muna da hanya a gabanmu.

Rana ta biyu haka aka yi. Na ɗan yi sammako, amma ban iya tilasta wa kaina hawa hanyar da babu kowa a kanta ba. Na tsaya a gidan mai har sai da motoci uku suka wuce. Muka sake isa da rana tsaka. Ba mu ga ko gadun jiya ba.

Da muka dawo sansanin, Baba ya zauna a kan wani benci zai yi alwala. Jagoran ya ja ni gefe, amma ba nesa ba, kuma kunnen Baba lafiyarsa lau.

"Ranka ya daɗe, zan faɗa maka gaskiya. Lokacin da kake zuwa da lokacin da kake tafiya, tsakaninsu giwa na cikin duhuwa tana hutawa. Tana saukowa kogi da sanyin safiya, tana saukowa gab da faɗuwar rana. In haka za mu yi, ko wata guda kuka yi a nan ba za ku gan ta ba."

Na san gaskiya ya faɗa. Tun a waya ya faɗa mini, ni ne na ji abin da nake son ji. Sa'o'in da na ware a matsayin masu aminci su ne daidai sa'o'in da babu abin gani. Kwana biyu suka rage mana, domin hutuna ya ƙare, maganin Baba ma kwalba ɗaya na zo da ita.

"Kai," in ji Baba, bai juyo ba. "Nan za ni kwana."

"Baba, babu katanga."

"Na ji. Hanya guda, ba katanga, waya ba ta kamawa. Ka karanta muna tun a gida." Ya zuba ruwa a ƙafarsa. "Damina ukku ina kwana bayan katanga. Mi nig gani? In kana tsoro koma, ka zo da hantsi ka ɗauke ni."

Jagoran ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Na je na kama ɗaki ɗaya mai gado biyu. Kayanmu na can otal, da abin da ke jikinmu muka zauna. Maganin dai yana aljihuna. Na hau tudun da aka nuna mini na kira Inna. Ta yi salati, ta ce in ba ta Baba. Ban ji abin da ta ce ba. Na ji shi yana cewa, "Birai ne kawai, ke. Sun hi maƙwabtanmu ladabi."

Fitar yamma ba ta ba mu giwa ba, amma ta ba mu sawunta a laka, da kashinta, tuli guda. Baba ya sauka, ya tsuguna, ya zagaya sawun da tafin hannu. Ya sa ƙafarsa a ciki, ta shige da sauran wuri.

Ana kiran magariba na ji ƙarar babur daga cikin daji. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na kama hannun Baba na ja shi bayan ɗaki, idona na neman inda ciyawa ta fi kauri. Babur ɗin ya fito fili: ma'aikacin gandun ne da kakinsa, ya ɗauro buhun gawayi a baya. Ya ɗaga mana hannu. Baba ya zare hannunsa daga nawa a hankali, ya gyara rigarsa.

"Ka gama? To mu yi salla."

Ban yi barcin kirki ba. Shi ya yi.

Safiya ta farko mun fita gari bai gama wayewa ba, da sanyi. Mun ga ɓauna daga nesa, mun ga reshen da giwa ta karya, ɗanye, ruwansa bai bushe ba. Ita ba mu gan ta ba. Da yamma ma haka. Na fara shirya maganar da zan yi wa Baba a hanya: za mu dawo da bazara. Na san ƙarya ce tun kafin in faɗa.

Safiya ta ƙarshe jagoran ya ce ba za mu zagaya ba. Ya kai mu wani tudu da ke kallon fadamar kogi, ya sa direba ya kashe mota, muka zauna. Rana ta fito. Tsuntsaye suka yi ta kuka. Ina kallon agogo, ina kallon gefen fuskar Baba. Ya ɗora haɓarsa a kan sandarsa, idonsa a buɗe, yana kallon inda aka ce ya kalla.

Jagoran ya taɓa gwiwata, ya nuna da haɓa. A ƙetaren fadamar, can nesa, ciyawa ta rabu. Ɗaya ta fito, sai ta biyu, sai wata ƙarama a tsakaninsu. Ba su yi ƙara ba ko kaɗan.

Na tashi na tsaya a bayan Baba, na kama kansa da hannu biyu kamar yadda likita ya yi a gaban na'ura, na juya shi a hankali. "Ƙasa kaɗan. Ka ga busasshiyar bishiyar can? Dama da ita."

"Ban gani ba."

"Dama kaɗan."

"Ciyawa nika gani."

Babbar ta fara juyawa kamar za ta koma. Na sake motsa kansa, ɗan kaɗan.

Na ji wuyansa ya ƙage.

"Tsaya," ya ce. "Tsaya nan."

Jagoran ya raɗa wa direba ya tayar da mota, akwai hanyar da za ta kai mu kusa. Baba ya ɗaga hannu.

"Kada ku matsa. In kun matsa ba ta shiga idona. Daga nan duka nika ganin ta."

Muka tsaya a nan. Ban saki kansa ba. Duk inda ta taka sai in bi ta da shi. Ta sauka cikin laka, ta ɗebo da hancinta ta watsa a baya, ta durƙusa, sannan ta kwanta a gefe ɗaya. Ta daɗe kafin ta tashi. Da suka koma cikin ciyawa, hannayena sun sage.

"Rumbu," in ji Baba. "Rumbu mai tahiya." Ya goge idon dama da bakin rawaninsa. "Kai mu wurin da tak kwanta."

Jagoran ya jira har ya tabbata sun yi nisa, sannan muka gangara. Baba ya sauka da sandarsa, ya auna ramin da taku, tsawo da faɗi, kamar yadda yake auna gona. Ya tsaya yana lissafi da leɓe.

Mun dawo ta hanyar da muka bi, kwana uku, ina duba motocin gaba kamar yadda na yi a zuwa. A wannan karon Baba ya bi maƙwabta gida-gida, ya ba su haƙurin tafiya babu sallama.

Kafin bazara ta yi tsakiya ya daina ganin kofin da ke hannunsa. Jagoran ya kira ni a lokacin, ya ce giwaye sun cika bakin kogi, har daga sansanin ana jin su. Na gode masa.

Kawu ya zo duba Baba a makon, ya zauna a bakin tabarma yana tsokanarsa, wai ɗakin kara aka nuna masa.

"To kakan naka, ya yi ƙarya ko bai yi ba?"

"Bai yi ba," in ji Baba. "Amma guda ba ta isa. Kwarin gonarmu taku goma sha tara ne. Sai dai in su huɗu sunka kwanta."

Ya juyo da fuskarsa inda yake zaton nake, ya ɗan kauce kaɗan.

"In hanya ta buɗe, ka je ka sake aunawa. Na daɗe ban taka shi ba."